Waya, Akwatin Bango ko Na'urar Daji: Wanne Zai Gane Maka Tsuntsu ta Kukansa?

Duk wanda ya taɓa tsayawa ƙarƙashin bishiya mai duhuwa yana ɗaga kai ya san kunne yakan riga ido sanin tsuntsu. Za ka ji kuka daga sama, ka ji wani ya amsa daga can gefe, amma ganye ya rufe masu yin sa. A da hanyar gane mai kukan ɗaya ce: ka bi wanda ya sani, ka yi ta sauraro har kunnenka ya saba. Yanzu ƙirƙirarriyar basira ta shigo cikin lamarin, na'urori sun yawaita, kowanne mai shi yana cewa tasa ce za ta faɗa maka sunan duk abin da ya yi kuka. Mai son saye sai ya rasa inda zai dosa.

Abin da zai fara rage maka ruɗani shi ne sanin cewa ƙwaƙwalwar da ke aiki a cikin yawancin na'urorin nan guda ɗaya ce, sunanta BirdNET. Masu bincike na cibiyar nazarin tsuntsaye ta Jami'ar Cornell a Amurka da na Jami'ar Fasaha ta Chemnitz a Jamus ne suka haɗa ta, Stefan Kahl na cikin jagororin aikin. Lokacin da suka wallafa bayaninta a 2021 nau'in tsuntsaye 984 ta sani, na Arewacin Amurka da Turai. Daga baya aka faɗaɗa ta har ta haura 6,000, cikin kusan 11,000 da ake da su a duniya. Tunda an bar ta a buɗe, masu ƙera na'urori da dama ita suke ɗauka su gina kayansu a kai. Saboda haka idan ka ga akwatuna biyu masu suna daban, sau da yawa basirarsu ɗaya ce. Inda suka rabu shi ne ingancin makirufo, da abin da ke ba su wuta, da inda suke kai sautin, da kuma ko za su bar maka sautin a hannunka ka sake saurara. Wannan na ƙarshen, a ganina, ya fi sauran nauyi, kuma zan faɗi dalili.

Yadda na'urar take aiki ba shi da wuyar fahimta. Tana mayar da sauti ya zama hoto: lokaci yana tafiya daga hagu zuwa dama, kaifin murya daga ƙasa zuwa sama, ƙarfinta kuma shi ne duhun zanen. Kukan kurciya yakan fito can ƙasa, dunƙule-dunƙule masu kauri, na kanari kuwa a sama, sirara a jere kamar haƙoran mataji. Wannan hoton ake nuna wa manhajar, ita kuma ta kwatanta shi da abin da ta koya daga ɗimbin sautukan da mutane suka naɗa suka ajiye a rumbuna irin su Macaulay Library na Cornell da xeno-canto, wanda wasu 'yan ƙasar Holan biyu suka kafa a 2005. BirdNET tana yanka sauti gutsure-gutsure, kowanne daƙiƙa 3, sannan ta ba kowane sunan da ta zarga maki tsakanin 0 da 1.

Wayar da ke aljihunka

Mafi sauƙin farawa ita ce waya, kuma manhajoji biyu suka fi shahara, duka kyauta. Merlin Bird ID ta Cornell ta fito a 2014, aka ƙara mata sashen gane sauti, Sound ID, a 2021. Tata basirar daban ce da ta BirdNET duk da gidansu ɗaya. Ka danna maɓallin makirufo, sai hoton sautin ya fara gudana a saman sikirin. Tsuntsu na yin kuka, sunansa da hotonsa su bayyana a ƙasa. Wani ya yi, shi ma ya shiga jerin. Idan na farkon ya sake kuka, layinsa ya haska da ruwan ɗorawa. Wannan haskawar ita ce babban alherin Merlin, domin a daidai lokacin da kunnenka ya ji kukan, idonka yana ganin sunan, kuma tsuntsun na nan kusa, kana iya ɗaga kai ka neme shi ka tabbatar. Babu wata na'ura cikin waɗanda za mu zo kansu da ke koyar da kunnen mutum kamar haka. Ga shi kuma bayan ka sauke abin da take buƙata tana aiki ba tare da intanet ba, tana ajiye sautin a wayar, kana iya fitar da shi.

Manhajar BirdNET ta waya salonta daban. Kai za ka ja yatsa ka zaɓi guntun sautin da kake so, a tura shi zuwa kwamfutocin masu binciken, amsa ta dawo tare da bayanin ko tana da tabbaci ko kintace ne kawai. Ta fi Merlin jinkiri, tana son intanet, amma ta fi yawan nau'o'i, don haka a wuraren da Merlin ba ta riga ta ƙware ba takan yi rana. Cornell na wallafa jerin tsuntsayen da Sound ID ya sani. Ka duba shi tun farko, domin tsuntsun da ba ya cikin jerin ba za a taɓa kiran sunansa ba, sai dai a yi shiru ko a ba ka sunan wani mai kama da shi.

Raunin waya a fili yake. Makirufonta don muryar mutum aka yi shi, a kusa da baki. Sauti kuwa raguwa yake da desibel 6 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti) duk lokacin da nisa ya ninka, shi ya sa tsuntsun da kai kake ji sarai daga nesa wayar ba za ta kama shi ba. Ƙaramin makirufo na waje da za a jona mata yana gyara wannan sosai. Abin da ba ya gyaruwa shi ne waya tana sauraro ne kawai sa'ad da kake tsaye da ita. Abin da ya wuce da tsakar dare, ko ya yi kuka sau ɗaya kafin fitowar rana ya tafi, ya wuce ke nan.

Akwatin da ke sauraro dare da rana

Don cike wannan giɓin aka yi na'urorin da ake kafewa a waje ɗaya. Haikubox, wadda kamfanin Loggerhead Instruments na Florida ke yi, ita ce mafi ƙarancin wahala: ka rataye ta a waje, ka jona ta da wuta, ka haɗa ta da Wi-Fi. Daga nan tana tura guntayen sauti ta intanet a tantance su, sunaye su riƙa shigo maka waya, har ta sanar da kai idan baƙon tsuntsu ya iso. Sai dai rayuwarta a rataye take da abu uku, wutar lantarki, intanet da rajistar zama mamba. Ɗaya ya yanke, aikin ya tawaya. Na'urar PUC ta BirdWeather ta fi ta sakewa. Tana da makirufo biyu da GPS, tana aiki da batir uku na AA ko da wayar caji, tana ajiye sauti a katin memori idan babu intanet ta tura daga baya, har tana auna zafi da damshin iska. Za ka iya kafe ta a bango yau, gobe ka rataya ta a jaka ka fita da ita. Abin da ta gano yakan hau taswirar BirdWeather, inda ake ganin tashoshin mutane daga sassan duniya.

Ga wanda hannunsa ya iya taɓa kwamfuta akwai BirdNET-Pi. Wannan ba kayan kamfani ba ne, haɗin gida ne: ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi, makirufo mai USB, da manhaja kyauta. Tantancewar a cikin akwatin ake yin ta, sautin bai fita ko'ina ba sai ka ga dama, babu kuɗin wata-wata, kuma kai ke zaɓar makirufon, wanda ba ƙaramin abu ba ne. Farashin wannan 'yancin shi ne ɗawainiya. Kai za ka kare shi daga ruwa da zafi, kai za ka gyara idan ya tsaya, kuma yawan ɗaukewar wuta ba zato yana iya lalata katin da manhajar ke kai.

Akwai maganar da ya kamata a yi kan dukkan waɗannan akwatunan. Makirufon da ke buɗe awa 24 ba tsuntsu kaɗai yake ji ba, yana jin hirar mutanen gida da ta maƙwabta. Wasu tsarukan suna ƙoƙarin gano muryar ɗan Adam su watsar da ita, amma bai kamata a jingina da wannan kaɗai ba. Ka nisanta na'urar daga inda ake zama, ka sanar da waɗanda abin ya shafa, ka kuma duba ko taswirar da kake hawa tana nuna ainihin inda kake ko kusa da wurin kawai.

Na'urar da ake bari a daji

Kashi na uku su ne waɗanda masu bincike suka fi riƙewa, kuma mai saye yakan yi mamaki idan ya ji cewa ba su gane tsuntsu ko ɗaya da kansu. Naɗa kawai suke yi. Basirar tana jiran su a kwamfuta.

AudioMoth ita ce ta sauƙaƙa wannan fannin. Masu bincike daga jami'o'in Southampton da Oxford a Ingila suka ƙirƙiro ta ƙarƙashin sunan Open Acoustic Devices. Ɗan allo ne da bai cika tafin hannu ba, kore, da gurbin batir uku na AA a bayansa, ramin katin memori a gefe, da wani ɗan huji inda makirufon yake. Ka jona ta da kwamfuta ka tsara mata lokutan aiki, ka sa ta cikin gidanta mai hana ruwa shiga, ka ɗaure a jikin bishiya hujin na kallon fili, ka tafi abinka. Bayan makonni ka dawo ka zare katin. Abu ɗaya da ke yawan cin sababbin shiga: idan aka cire mata batir takan manta lokaci, kuma in ba a sake saita agogon ba, ba za ta bi jadawalin da aka ba ta ba. Mutum ya sha tafiya ya dawo ya tarar da kati wayam. Tana iya naɗa da saurin kilohaz 384, wato ta auna sauti sau dubu 384 a daƙiƙa guda don kama murya mai tsananin kaifi, abin da ya sa masu nazarin jemagu ma suke amfani da ita, amma tsuntsaye ba sa buƙatar haka. Kaifin yawancin kukansu tsakanin kilohaz 1 da 8 yake, BirdNET kuma da sautin da aka naɗa da saurin kilohaz 48 take aiki.

Na'urorin Song Meter na kamfanin Wildlife Acoustics, irin su Micro da Mini da SM4, aikinsu ɗaya da AudioMoth, sai dai sun zo da jiki mai jure ruwa da ƙura, ƙananan ana saita su da waya ta Bluetooth, manyan kuma makirufonsu ya fi tsabtar ji. Sun fi tsada. Ga yadda nake kallon zaɓin: idan tambayarka ita ce ina da ina tsuntsu kaza yake, na'urori masu araha da yawa a warwatse sun fi guda ɗaya mai kyau. Idan kuwa kukan da kake nema siriri ne, ko daga nesa yake zuwa, ko na'urar za ta yi watanni cikin ruwan sama ba mai leƙa ta, to mai tsadar ta cancanci kuɗinta.

Lissafin kati shi ne abin da mutane suka fi mantawa. Sautin da ba a matse ba, a kilohaz 48 da makirufo ɗaya, yana cin kusan megabait 346 a awa guda. Katin gigabait 32 ke nan zai ɗauki awa 92 ko kusa da haka, wato bai kai kwana 4 ba idan ba a tsayawa. Amma idan ka tsara awa 3 kullum, daga gabanin fitowar rana zuwa hantsi, lokacin da tsuntsaye suka fi kuka, katin zai kai ka wata guda, batir ma ya huta. Mai neman mujiya ko yautai sai ya karkatar da jadawalin zuwa faɗuwar rana da dare. Bayan an kwaso fayilolin, BirdNET-Analyzer, wato manhajar BirdNET ta kwamfuta, ita ce za ta tace su, kyauta. Da irin wannan tsarin ne masu bincike suka baza na'urori a wurare sama da 1,600 a dazuzzukan tsaunukan Sierra Nevada na Kalifoniya, suna bibiyar mujiya da sauran tsuntsaye a faɗin ƙasar da ba wata tawagar mutane da za ta iya zagayewa da ƙafa.

Inda duk suke tuntuɓe

Yanzu ga dalilin da ya sa na ce samun sautin a hannu ya fi komai. Sunan da ya fito a sikirin zato ne, ba shaida ba. Makin 0.9 ba ya nufin kashi 90 cikin 100 gaskiya ne. Masu BirdNET da kansu sun yi wannan gargaɗin, kuma ma'anar makin tana sauyawa daga tsuntsu zuwa tsuntsu: wani a 0.5 ma daidai ne kusan kullum, wani ko a 0.9 sai an bincika. Dubi yawan abin kuma. Awa guda tana ɗauke da gutsure 1,200 na daƙiƙa 3, dare mai awa 12 kuwa 14,400. Ko da a ce sau ɗaya tak manhajar ke kuskure cikin dubu, za ka wayi gari da sunaye 14 na bogi, kuma su ne za su fi ɗaukar ido domin su ne baƙi a jerin. Gyare, kwaɗi, ƙarar ƙofa, fito da baki, ƙugin inji daga nesa, duk an sha ba su sunan tsuntsu. Ga kuma tsuntsaye masu kwaikwayon wasu, waɗanda ko gwanin kunne sai ya nutsu kafin ya raba kwaikwayo da na asali.

Maganin farko shi ne gaya wa manhajar wuri da lokaci. Tana amfani da bayanan eBird, rumbun da masu kallon tsuntsaye ke cikawa tun 2002, ta tsame nau'o'in da ba a sa ran samu a wurin a wannan makon. Wannan yana kashe kurakurai masu yawa, amma yana da tasa hasarar: baƙon da ya ɓato da gaske shi ma za a iya tsame shi, kuma a yankin da ba a tara bayanai sosai ba, matatar kanta ba ta da ƙarfi. Magani na biyu ba shi da madadi, sai ka zauna ka saurara. BirdNET-Analyzer tana iya ciro maka gutsuren da ta dogara da su ga kowane tsuntsu, ka buɗe su ɗaya bayan ɗaya, ka kalli hoton sautin, ka gwada da samfuran xeno-canto. Bayan 'yan gomomi za ka ga daga wane maki zuwa sama za ka iya yarda da ita kan wannan tsuntsun. Na'urar da ta ba ka suna kawai, ko ta goge sautin bayan ɗan lokaci, ta hana ka wannan aikin. Shi ya sa eBird ke roƙon mutane kada su shigar da tsuntsu a jerinsu don kawai Merlin ta ambace shi, sai sun gani ko sun tabbatar da kunnensu.

Kada kuma a ɗauki yawan ganowa a matsayin yawan tsuntsaye. Idan ka ga kurciya sau 500 a rahoton yini, mai yiwuwa guda ɗaya ce a kan reshen da ke saman makirufo. Sannan akwai waɗanda kusan ba sa kuka, kamar ungulu da shamuwa. Za su wuni a gaban na'urar ba ta san da su ba.

Babban rashin daidaiton kuwa a koyarwar yake. An ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, kuma a nan maganar haka take a zahiri, domin nau'i ɗaya yakan sauya salon kuka daga yanki zuwa yanki. Rumbunan da aka koyar da manhajojin sun fi cika da sautukan Turai da Arewacin Amurka, inda masu naɗa suka fi yawa. Tsuntsayen Afirka da na wasu sassan Asiya da Kudancin Amurka, da yawansu samfuransu kaɗan ne, wasu ma ba sa cikin jerin ko kaɗan. A irin waɗannan wuraren akwatin bango mai tura sunaye kai tsaye shi ne ya fi rauni, domin zai yi ta ba ka amsa da ƙarfin gwiwa kan abin da bai koya da kyau ba. Na'urar da ke ajiye ɗanyen sauti kuwa darajarta ƙaruwa take. Fayilolin da ka naɗa bana za ka iya sake tace su baɗi da sabuwar manhaja, ko da wata daban irin Perch ta Google, kuma BirdNET-Analyzer tana ba ka damar koyar da ita sabon kuka da samfuran da kai ka tara ka tantance.

To wanne za a ɗauka? Wanda burinsa ya san tsuntsaye da kunnensa, waya ta ishe shi, in ya so ya ƙara mata makirufo. Ban ga dalilin da zai sa ya sayi akwati ba tukuna, domin akwatin zai tara masa sunaye ba tare da ya koya masa komai ba. Wanda yake son sanin masu shige da fice a wuri ɗaya tsawon shekara, musamman masu ƙaura, kuma yana da wuta da intanet masu ɗorewa, akwatin bango nasa ne: Haikubox idan ba ya son taɓa komai, PUC idan zai riƙa yawo da ita, BirdNET-Pi idan yana son iko da bayanansa kuma ba ya gudun gyara. Ɗalibi, ko mai bincike, ko mai kula da gandun daji, wanda wata rana za a ce masa ina hujjarka, ya nufi AudioMoth ko Song Meter, ya kuma ware wa sauraro lokaci kamar yadda ya ware wa dasa na'urorin.

Kowacce ka zaɓa, wurin da ka kafe ta yana iya rinjayar sakamako fiye da sunan kamfanin. Ka ɗaga ta kamar mita ɗaya da rabi zuwa biyu, nesa da inji da titi da ruwa mai gudu, kada ganye ya riƙa gogar ta, ka sa wa makirufon soso saboda iska.

Kafin ka sayi komai, akwai gwajin da ba zai ci maka kuɗi ba. Ka zaɓi tsuntsaye kamar goma da ka sani sarai a inda za ka yi aikin, ka naɗi kukansu da waya, wasu a kusa wasu daga nesa, ka ba Merlin, sannan ka ba BirdNET. Idan BirdNET ta kama mafi yawansu, akwatunan da aka gina a kanta za su yi maka aiki. Idan ta yi ta sauya musu suna ko ta yi shiru ko da sautin ya fito tsaf, to matsalar ba ta makirufo ba ce, kuma akwati mai tsada da ke ɗauke da wannan ƙwaƙwalwar haka zai yi. A nan sai ka karkata ga na'urar naɗa da katin memori mai girma, ka fara tara samfuran da za ka koyar da manhajar da su.